Injin Da Inna Jamayah Ke Jira

Akwai wani dillalin tsofaffin injinan kwale-kwale a garin Sibu mai suna Seruji. Daga Sarikei har Kapit, duk mai harkar kogi ya san shi. Ka ajiye masa inji, ko da tsatsa ta gama cinye shi, zai tsuguna ya kankare lambarsa da farce, ya juya farfela da yatsa, ya shinshina tankin mai, nan take ya gaya maka shekarar da aka ƙera shi da abin da zai yi a kasuwa. Da wuya a kama shi da kuskure, kuma shi ma ya san da haka. Shi ya sa ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Sana'arsa ita ce bin ƙauyukan bakin ruwa yana sayen injinan da masunta suka jingine a ƙarƙashin gidaje, a gyara su, ya sayar wa masu sha'awar kayan da a Singafo da Kuala Lumpur. Ciniki nasa ne, amma gyaran duk na wansa ne, Morshidi, wanda ya girme shi da shekara uku. Morshidi bai yi nisa a boko ba. Mutum ne shiru-shiru, kullum yana bayan shago cikin baƙin mai da sifanu, shi kuwa Seruji yana gaba cikin sanyi da rigarsa mai guga.

Idan manyan baƙi suka leƙa baya suka tambayi wane ne wancan, sai Seruji ya ce, "Bakanikena ne." Morshidi ya sha ji da kunnensa. Bai taɓa ɗaga kai ba.

Mahaifiyarsu, Inna Jamayah, tana ƙauyensu a bakin kogin Igan, matar Morshidi mai suna Sepiah ke kula da ita. Tsufa ya taɓa mata tunani. Mijinta Bolhan ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, amma ita ta manta. Kullum da la'asar sai ta lallaɓa zuwa matsayar jirage da ke gaban gida, ta zauna a kan katako, ta karkata kunne wajen ruwa.

"Babanku ya makara yau," haka take cewa. Sai magariba ta yi sannan Sepiah ta lallashe ta su shiga ciki.

Ba kowane inji take jira ba. Baba Bolhan ya yi jigilar mutane da buhunan sagu, wani garin abinci na yankin, da wani ƙaramin injin Ingila. Wata shekara salansarsa ta fashe, babu inda za a samu sabuwa, sai ya yi mata faci da guntun bututun tagulla da gwangwanin madara. Tun daga nan muryar injin ta fita daban. Zai yi fat-fat-fat, sai ya yi wani ɗan tari, sannan ya ci gaba. Tun jirgin yana bayan kwanar kogi Inna ke sanin mijinta ne, ta sauke tukunya.

An daɗe da sayar da injin, tun Seruji yana yaro. Amma Morshidi bai daina cigiyarsa ba. Wata rana, a wani dogon gidan 'yan ƙabilar Iban da ke gaba da garin Kanowit, ya hango wani inji a ƙarƙashin dandamali, kaji sun mayar da shi wurin kwana. Yana share datti ya ga bututun tagulla da gwangwanin. Nan ya zauna a ƙasa, yana ta shafa facin, har mai gidan ya tsorata ya kawo masa ruwa.

Da kuɗin aljihunsa ya saye shi. Wata goma sha huɗu ya yi yana aiki a kansa bayan an tashi daga shago. Ya canza abin canzawa, ya wanke na wankewa, amma facin bai taɓa shi ba.

Ranar da injin ya tashi a cikin durom ɗin ruwa, ya yi tarinsa, Seruji ya fito daga gaba da gudu. Ya tsaya jim, kamar zai ce wani abu, sai idon dillali ya rinjaye shi. Ya tsuguna ya duba lamba.

"Yaya, ka san abin da ke hannunka kuwa? Na farko-farkon ƙira ne. Irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duk yankin nan. Facin nan ne kawai ya rage masa daraja."

"Facin Baba ne," in ji Morshidi.

"Na sani. Amma a kasuwa aibi ne."

"Ba kasuwa zai je ba. Ranar Sallah zan ɗaura shi a jirgi in shiga Igan da shi. Ko sau ɗaya ne, Inna ta ji abin da take jira ya iso."

Seruji ya yi dariya ya kaɗa kai. "Kai dai, Yaya, da tausayi za ka ƙare." Ya koma gaba.

Ana tsakiyar azumi Inna ta yi zazzaɓi, Morshidi ya tafi ƙauye na kwana uku. A rana ta biyu wani babban mai saye ya zo daga Singafo, ana ce masa Mista Teo. Yana da gidan abinci a bakin teku da yake ƙawatawa da kayan jirage na da. Ya zagaya shagon bai ga abin da ya burge shi ba, har ya kai baya ya ɗaga tamfol, ya ga injin Baba Bolhan.

Ya yi tayin ringgit dubu goma sha takwas, kuɗin ƙasar. Seruji ya ce ba na sayarwa ba ne. Mista Teo ya ƙara zuwa dubu ashirin da biyar. Seruji bai taɓa sayar da inji ɗaya a wannan farashin ba. Duk da haka ya ce sai dai a jira mai gyaran ya dawo.

Mista Teo ya yi murmushi, da wasa ya ce, "Af! Ni an ce min kai ne maigidan wurin nan. Ashe sai ka nemi izinin bakanike?"

Maganar ta soki Seruji. Ya ji fuskarsa ta yi zafi.

"Babu wanda nake neman izininsa a shagona," ya ce. "A ɗauka. Sai dai ka sani, facin nan ba na asali ba ne, yana rage masa daraja."

Kafin azahar an sa injin a akwati an tafi da shi. Seruji ya zauna yana lallashin kansa. Yana da wani inji irinsa a rumbu, ƙirar baya da shekara shida. Da kuɗin nan zai saya wa Inna gadon asibiti, ya ɗauko mata mai jinya. Wace riba tsohuwa za ta ci da ƙarar inji?

Da Morshidi ya dawo, ko jaka bai ajiye ba ya nufi baya. Ya ɗaga tamfol ya tarar da wani inji daban. Ya juyo wajen ƙaninsa.

"Seruji, ina injin Baba?"

"Yaya, zauna in yi maka bayani."

"Ina yake?"

"Na sayar. Dubu ashirin da biyar, Yaya! Rabi naka ne. Ga wani nan irinsa sak."

"Ba irinsa ba ne."

"Haba, ni za ka gaya wa inji? Kamfani ɗaya, ƙarfi ɗaya. Ƙarfe ne fa, Yaya, ba mutum ba. Kuma tsakani da Allah, Inna da ba ta san ko yau wace rana ba ce, ita ce za ta bambance ƙarar inji?"

Morshidi ya kalle shi, idanunsa sun kaɗa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Na riga na gaya mata. Da tana zazzaɓi ta ƙi shan magani, na ce mata ta daure, ranar Sallah za ta ji injin Baba. Komai tana mantawa, amma wannan ta riƙe. Kullum sai ta tambayi Sepiah saura kwana nawa."

Seruji ya kawar da kai. "To ai shi ke nan. Za ta ji inji. Ni da kaina zan tuƙa."

Morshidi ya gyara riƙon jakarsa. Ya juya ya fita.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi, Seruji ya ɗaura ɗaya injin a jirgi ya shiga Igan. Injin lafiyayye ne, ƙararsa sumul, babu ko gargada. Yana shan kwana ya hango su a matsaya. Inna na zaune cikin shuɗiyar rigarta ta Sallah, an ɗaura mata sabon mayafi, Sepiah na riƙe da kafaɗarta, Morshidi na tsaye a gefe.

Ya ga lokacin da ta ɗaga kai. Ya ga ta dafa gwiwa za ta miƙe, fuskarta ta washe kamar ta yarinya. Ta karkata kunne tana jira. Jirgin ya matso, ya ƙara matsowa. Sai ya ga ta koma ta zauna a hankali.

Ya kashe inji ya hau matsaya yana murmushin dole. "Inna, barka da Sallah! Kin ji shi?"

Ba ta kalle shi ba. Idonta na kan kwanar kogi.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Na babanku tari yake yi. Ku matsa, kuna tare min, yana nan tafe."

A cikin gida an shimfiɗa tabarma, an jera abinci. Tun da sassafe Inna ta sa Sepiah ta yi umai, ɗanyen kifin nan da lemun tsami da barkono da marigayin ke so, ta sa aka ajiye masa farantinsa da kofinsa. Ta ce ba za ta ci ba sai ya iso. Baƙi suka zo suka tafi. Duk jirgin da ya wuce sai ta ɗaga kai. Har rana ta faɗi tana matsaya.

Da za a shigar da ita ta riƙe hannun Morshidi ta ce, "Kai ne ka ce yau." Ba ta faɗa da faɗa ba. Morshidi ya juya baya ya bar wurin.

Seruji ya bi shi bayan gida. "Yaya, wallahi ban ɗauka..."

"Ka san dalilin da ya sa Baba ya sayar da injin nan?"

"Ai tsufa ya yi."

"Lafiyarsa ƙalau. Shekarar da ka samu makaranta a Kuching ne. Babu kuɗin tafiya, babu na littattafai. Ya sayar da shi, ni kuma na bar aji na kama masa filafili. Shekara huɗu muna tuƙa sagu da hannu. Ya hana a gaya maka, wai kada karatu ya yi maka nauyi." Ya share fuska da bayan hannu. "Ba gori nake maka ba. Ka ce ƙarfe ne, shi ya sa na faɗa."

Daga ranar Inna ta daina zuwa matsaya. Ta daina tambayar kowa. Abinci sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu. Morshidi bai koma shago ba, ya zauna a ƙauye kusa da ita.

Seruji ya yi ta kiran Mista Teo ba a ɗauka, aka ce ya yi tafiya. Sai bayan mako uku ya dawo. Washegari Seruji ya hau jirgin sama zuwa Singafo.

Yana shiga gidan abincin ya ga injin. An rataye shi a bango sama da teburan cin abinci, an goge shi yana walƙiya kamar madubi, an saka masa ƙwan lantarki a cikin tanki. Mutane na cin kaguwa a ƙarƙashinsa. Inda facin yake an sa sabuwar salansa mai sheƙi.

Mista Teo ya tarbe shi da fara'a. "Maigida! Ka ga yadda ya yi kyau?"

"Ina facin?"

"Wane faci?"

"Bututun tagulla da gwangwanin."

"Au, wannan? Ai kai ka ce yana rage masa daraja. Na sa an cire. Kayan cikin ma an kwashe, don kada warin mai ya dami masu cin abinci."

Seruji ya dafa kujera. Mutumin da ba ya barin kowa ya gama magana ya tsaya a tsakiyar gidan abincin mutane yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da ƙyar ya iya ba da labarin.

Mista Teo ba mugu ba ne. Ya cire tabarau ya ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba tun ranar? Ni ma ina da uwa. Da ban taɓa shi ba." Da kansa ya tuƙa shi zuwa wurin masu gugar ƙarfen. Suka zazzage durom biyu na tarkace. Mai wurin ya ce motar 'yan gwangwan ta zo tun makon jiya ta kwashe komai.

Mista Teo ya sa aka sauke injin daga bango, ya mayar masa a kan kuɗin da ya saya, bai ƙara ko sisi ba.

Da Seruji ya iso ƙauye da akwatin, Morshidi ya buɗe, ya kwance murfi, ya leƙa ciki. Babu komai. Ya mayar da murfin ya ɗaure notunan ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ka gyara shi. Ko nawa ne kayan, zan nemo."

"Tashi kam zai tashi. Amma muryar ba za ta dawo ba. Ban auna bututun ba, ban san inda Baba ya huda gwangwanin ba. Ban ɗauka akwai ranar da zan buƙaci aunawa ba."

Duk da haka suka gwada. Suka kwashe kayan cikin ɗaya injin suka saka masa. Seruji ya cire rigarsa mai guga, ya zauna a ƙarƙashin gida yana yanka gwangwanayen madara, yana lanƙwasa tagulla, har yatsunsa suka tsattsage. Kwana shida suna yi. Wani ya yi ƙara kamar babur, wani ya yi shaƙuwa ya mutu. Babu wanda ya yi tarin. Duk lokacin da suka tayar, Sepiah na leƙowa ta taga ta girgiza kai. Inna ko motsi ba ta yi ba.

A rana ta bakwai da hantsi Seruji ya wanke hannu ya shiga ɗakinta. Tun da ya dawo bai iya haɗa ido da ita ba. Ta rame, ta zama 'yar ƙarama a kan katifa. Ya durƙusa ya riƙe hannunta.

"Inna, ni ne. Na yi miki laifi babba. Ki yafe min."

Ta kalle shi da kyau, irin kallon da ake wa baƙo. Ta ga yatsunsa da suka sha yanka.

"Sannu, ɗan nan. Aikin inji kake yi?"

Ya gyaɗa kai.

"Allah sarki. Ni ma ina da ɗa mai wannan harkar a Sibu. Seruji. Ka san shi?"

"Na san shi, Inna."

"Yaron kirki ne. Kaifin kai gare shi tun yana ƙarami. Ko ƙuda ba ya iya cutarwa." Ta ɗan yi murmushi, ta shafa bayan hannunsa. "Aiki ne ya yi masa yawa, shi ya sa ba ya zuwa. In ka gan shi, ka ce masa ya daina tsallake abincin rana. Kuma ka ce ina gaishe shi."

Seruji ya sunkuyar da kai har goshinsa ya taɓa tabarma.

"Zan gaya masa, Inna."

Bayan kwana tara Allah ya yi mata rasuwa, da safe, Sepiah na ba ta ruwa. Har ta cika ba ta sake gane Seruji ba, kuma gafarar da ya je nema bai samu wanda zai ba shi ita ba.

Darasi: Sanin farashin abu daban, sanin darajarsa daban. Kafin ka raina abin da wani ya riƙe da muhimmanci, tsaya ka ji dalilinsa, musamman idan ɗan'uwanka ne da ya sha wahala dominka. Girman kai na minti ɗaya yana iya jawo ɓarnar da kuɗi da hawaye ba za su gyara ba. Idan iyayenka na raye, faranta musu yau, tun suna gane fuskarka. Ka tura wannan labarin ga 'yan'uwanka, wataƙila akwai wanda zai karanta ya ɗauki waya ya kira gida.